Almuwar Tukur Mai Lamba Ɗaya

Zuwa ga Mai Gari. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan lafiya.

Ni ne Usman, wanda Dogon Dutsi ke kira Mushe Usman, wato Malam Usman a bakin Faransanci. Na koyar a lakwal, wato makarantar boko, shekara ashirin da tara kafin in aje alli bara waccan. Ina kawo ƙarar Tukur ɗan Zalihatu, ɗan ƙanen matata Hasiya. Na rubuto ne maimakon in zo da baki, don idan na fara maganar nan a tsaye muryata takan hau, mai gaskiya kuwa in ya ɗaga murya sai a ɗauka ba shi da ita. Ina roƙon a karanta takardar nan daga farko har ƙarshe. Na san mai karanta maka, ni na koya masa, kuma yana da halin tsallake layi.

Kafin Tukur ya dawo daga Yamai, gidana bai rasa komai ba. Ƙoran Hasiya suna rataye a ragaya, fitila tana alkuki, gero yana rumbu, rumbu yana bisa duwatsunsa kamar yadda muka tarar. Ni kuma dukiyata ɗaya ce: kaye ashirin da tara, wato littattafan rubutu, ɗaya ga kowace shekara. A cikinsu na rubuta sunan duk wanda ya taɓa zama gabana, da garinsu, da ranar shigarsa da ta fitarsa, da abin da ya samu a kowane darasi. Suna cikin adakar ƙarfe, adaka tana bisa duwatsu uku, na zagaye duwatsun da toka. Ba ado ba ne. Mutanenmu ba su da takardar haihuwa, saboda haka idan biro, wato ofishin gwamnati, ya nemi shaidar cewa mutum ya yi lakwal, wurina ake zuwa, in buɗe shekararsa, in kwafe masa, in sa hannu. Mutum goma sha bakwai sun sami aiki ta wannan hanya.

Tukur ya iso mana ana saura wata guda ruwa ya sauka, da fensir a bayan kunne da mitar katako mai naɗewa a aljihu. Bai gama gaisuwa ba ya fara kallon ɗakunanmu yana girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ya ce shi minizye ne, wato kafinta, kuma duk gidan Bature da ke Yamai in ka buɗe almuwar, wato kabad ɗin ajiye kaya, ka shinshina, hannunsa za ka ji. Ya ce akwai wadda ya yi wa matar wani kumandan, sai da aka kafa mata tsani, kuma gardi biyu suka ɓata a ciki. Daga baya wani direban babbar mota ya gaya mini cewa aikin Tukur a gidan nan jan igiyar fanka ne. Amma daga baya ne.

Ya ce abin kunya ne mutum kamar ni, wanda ya san Faransanci, a ce kayansa suna lilo a igiya kamar naman mahauci. Washegari ya zo da takardar buhun siminti, ya shimfiɗa a zaure. Ya zana gidana duka, ya raba shi almuwar bakwai, kowace da lambarta. Lamba ɗaya ta kaye, a ɗakina. Lamba biyu ta ƙoran Hasiya. Uku da huɗu kantoci a madafa. Biyar akwatin gero, wanda zai maye gurbin rumbu. Shida ta tufafi. Bakwai kuma ta zaure, ya ce ta ajiye takalman baƙi ce.

A nan zan faɗi laifina, don ban saba ɓoye kuskure ba ko da nawa ne. Lambobin sun burge ni. Ya ja layi da rula, ya rubuta santimita a gefe. Shekara ashirin da tara ina roƙon yara su ja layi da rula. Na gyara masa kuskuren rubutu uku da jar tawada, na ce ya fara.

Hasiya ta duba takardar ta juya ta sama da ƙasa, ta tambaye shi ko wani abu ya taɓa faɗowa daga ragayarta tun yana goye. Ya ce ba maganar faɗowa ba ce, Gwaggo, maganar wayewa ce. Maƙwabciyarmu A'i, wadda katanga ɗaya ta raba mu, kuma kanta ya fi zama bisa katangar fiye da bisa wuyanta, ta ce ita dai wayewar da ta sani ta gari ce, kuma ba a sa ta cikin akwati.

Katakon da ya kawo na akwatunan kananzir ne da ya roƙo bayan kanti, fari, mai laushi, ƙusa na shiga kamar cikin kabewa. Ya fara da lamba biyu. Kwana shida yana buga guduma a tsakar gida, kaji suka daina ƙwai. Rana ta bakwai ya kira maza huɗu su ɗauka su shigar ɗakin Hasiya. Ba ta shiga ba. Aka juya ta gefe, ba ta shiga ba. Aka kwantar da ita, aka tayar, aka karkata. Ɗaya daga cikin mazan ya maƙale tsakanin almuwar da bakin ƙofa, sai da aka shafa masa man shanu.

Na ce ya ba ni mitarsa. Na buɗe ta, sai na ga gaɓar farko ta karye, daga goma take farawa. Ƙofa ya auna da tasa, katako kuma ya yanka da tawa da na ara masa. Na nuna masa, na tambaye shi ina santimita goman farko.

Ya ce, "Ai Mushe, a Yamai an daina aiki da goman farko."

Maganin da ya kawo shi ne a faɗaɗa ƙofa. Ya sa gatari ya sare taki guda daga kowane gefe, ƙyauren Hasiya ya zama kamar hular yaro a kan babba. Almuwar ta shiga. Sai dai ɗakin Hasiya zagayayye ne, almuwar kuwa mai kusurwa huɗu, saboda haka gefunanta biyu suka taɓa bango, bayanta ya bar rami wanda hannu ba ya kaiwa amma kaza tana kaiwa. Wake-waken kazarmu ta gane haka tun ranar farko. Ta shiga ta yi ƙwai tara, ta fito ta bar su. Bayan mako biyu ba mai iya sallama a ɗakin nan ba tare da ya toshe hanci ba.

Ƙoran ma ba su shiga ba, don tsakanin kanta da kanta bai kai tsayin ƙwarya ba. Tukur ya ɗauki babbar ƙwaryar da Hasiya ta gada wurin uwarta, ya auna, ya ce da zarto zai rage mata baki kaɗan. Hasiya ta karɓe ƙwaryarta, ta ce in ya sake kallonta, shi za a rage wa baki, kuma ba kaɗan ba.

Lamba uku da huɗu ya kafa su da ƙusa a bangon madafa. Bangon laka ne. Duk wanda aka haifa a Arewa ya san laka ba ta riƙe ƙusa, amma Tukur ya ce ƙusar Faransa ce. Ya jera tukunyar man shanu, da daddawa, da garin kuka, da gishiri, ya ja baya yana kallo da hannu a ƙugu. Ban gama cewa madalla ba kantar ta sauko gaba ɗaya. Hasiya ta duba abin da ke ƙasa ta ce miya ta haɗu, saura wuta.

Tukur ya ce laifin ƙusa ne, ta yi gajarta. Ya je maƙera aka ƙera masa masu tsawon kamu guda. Ya buga ta farko, ta huda bango ta fito ta gidan A'i. Ta biyu ma haka. Ta uku ta samu akuyar A'i a kunne. Da la'asar kan A'i ya ɓullo bisa katanga, ta ce tana godiya, ta rataye ludayi da mara da tsintsiya a kan ƙusoshin, duk sun zauna daram.

Ta ce, "Ashe yaron ya iya aiki, Mushe. Gidan ne kawai ya ɓata mishi."

Lamba biyar ba a yi ta ba. Ranar da Tukur ya nufi rumbu da gatari, ya tarar da Hasiya zaune a gindinsa da taɓarya a cinya, tana tsince wake. Ta ɗago kai ta dube shi sau ɗaya. Ya tsaya, ya sosa ƙeya da fensir, ya ce dama a tsarin Turai akwatin gero shi ake yi a ƙarshe. Da ni ma na zauna gaban adakata da taɓarya, da ban rubuto wannan takarda ba.

Yanzu na zo kan lamba ɗaya, kuma ina roƙon mai karatu ya rage sauri.

Wannan karon a cikin ɗaki ya gina ta, don kada a sake maganar ƙofa. Ta tashi daga ƙasa har ta taɓa azara, ta cinye rabin ɗakin, gadona ya koma gicciye. Habu magini, wanda na kira ya duba ƙofar Hasiya, ya leƙo ya gani. Ya durƙusa ya duba ƙasanta, ya tambaya ina duwatsun. Tukur ya ce waɗanne duwatsu. Habu ya ce duk abin da ba ƙarfe ba ne ba a aje shi bisa ƙasa a garin nan, kuma ba a jingina shi da bango, sai dai in sadaka ake son yi wa gara. Ya ce a ɗaga ta bisa duwatsu kamar rumbu, a yi mata ƙafafun giginya, a bar taki guda tsakaninta da bango.

Tukur ya yi dariya har fensir ya faɗo daga kunnensa. Ya ce shekara huɗu ya yi a gidan Bature bai taɓa ganin almuwar ta hau dutse ba.

Habu ya ce, "Ƙasan ɗakin Baturen, mi aka yi shi da shi?"

"Siminti mana."

"To wanga fa?"

Tukur ya ce ba ya gardama da wanda ke auna gini da ƙafa. Habu ya kaɗe rigarsa, ya ce da ni Allah ya ba da sa'a, ya fita. Na ji maganarsa ta taɓa ni, amma a lokacin Tukur yana rubuta shekaru a bakin kantoci, daga 1924 har 1952, kowace da gurbinta, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na kwashe kaye da hannuna na miƙa masa, ya jera. Adakar ƙarfen ya ce zai riƙe ya zuba kayan aiki. Duwatsun uku A'i ta roƙa ta yi murhu da su.

Ya shafe almuwar da shuɗin fenti, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu. Ya ce fenti sai ya yi mako biyu ba a taɓa ba, kuma ba za a buɗe ta haka kawai ba, sai an tara mutane. Kafin mako biyun su cika ya tafi Dogon Kiriya, wai ana nemansa ya tsara wa wani attajiri gida, ya tafi da mabuɗin. Ruwa ya sauka. Aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai, Tukur bai dawo ba.

Tun a mako na uku na fara jin wani ƙas-ƙas daga cikin almuwar, kamar ana tauna gyaɗa a ɗaki na gaba. Da ya dawo, bayan wata biyu da kwana tara, na gaya masa. Ya kara kunne, ya lumshe ido, ya ce katako ne ke zama, kuma na kirki ne kawai ke wannan ƙara.

A makon ne Mahmuda ya zo daga Kiyeshe. Tsohon ɗalibina ne, mutum mai natsuwa, yana da iyali. An ce za a ɗauke shi aiki a gidan waya idan ya kawo shaidar shekara huɗu a lakwal kafin ƙarshen wata. Na ce ya kwana biyu, ranar kasuwa za a buɗe almuwar, shi ne zai fara amfana.

Ni na ɗauka mutum biyar ko shida za su zo. Tukur ya bi kasuwa rumfa rumfa. Ya ɗauko maroƙi da mai kalangu. Kafin azahar tsakar gidana ta cika, wasu na bisa katanga, wasu sun hau rumbu Hasiya tana korarsu. Maroƙi yana kiransa Tukur na Yamai, zarto maganin katako, mai sa itace ya yi ruku'u. Tukur ya sa farar riga, ya tsaya a bakin ɗakina ya yi jawabi. Ya ce daga yau zamanin ragaya ya wuce a Arewa, kuma duk mai son gidansa ya zama kamar na Mushe ya same shi bayan taro.

Ya buɗe kwaɗo, ya ja ƙofa. Ba ta motsa ba, damina ta kumbura ta. Ya ja da hannu biyu. Ya ce wannan alamar aiki mai ƙarfi ce, ɓarawo ma sai ya haƙura. Aka kawo igiyar guga aka ɗaura a mariƙi, maza shida suka kama, mai kalangu yana ba su kiɗa. Suka ja, mariƙin ya fito shi kaɗai, su shidan suka zube a kan maroƙi.

A'i ta ce daga bisa katanga, a gwada sallama, wataƙila masu ɗakin suna ciki.

Dariyar da aka yi ce ta harzuƙa shi. Ya naɗe riga, ya ja baya taku uku, ya kai wa ƙofar shuri. Ƙafarsa ta shige har gwiwa ba tare da wata ƙara ba, kamar ya shuri fanke. Ashe fenti ne kawai a tsaye. Almuwar ta yi ɗan rangaji, ta sunkuya, ta kwanta a kansa gaba ɗaya, ta watse ta zama jar ƙasa. Shinge, gara mai fiffike, ya taso daga cikinta ya cika ɗaki ya fito tsakar gida, kajin unguwa suka shigo ta tsakanin ƙafafun mutane, wake-waken nan tana gaba. Mai kalangu, wanda ba a gaya masa ya daina ba, bai daina ba.

Aka jawo Tukur ta ƙafa. Farar rigar ta koma ja, gara na bin wuyansa, amma fensir yana nan a kunne. Ya tofar da ƙasa, ya dubi jama'a, ya ce a Yamai ma akwai gara, sai dai ta can ta san kayan mutane.

Ni ban yi dariya ba. Na durƙusa inda kantocin suke, na sa hannu. Babu takarda ko ta naɗe taba. Shekara ashirin da tara sun zama suri. Mahmuda yana tsaye bayana da hularsa a hannu, ya tambaye ni a hankali ko tasa shekarar tana wani wuri dabam. Na tuna fuskarsa a benci na uku, kusa da taga. Amma biro ba ya karɓar benci na uku.

Da mutane suka watse na karɓi rariyar Hasiya na tankaɗe ƙasar nan duka. Gara ba ta cin ƙarfe, kuma kowane kaye yana da ƴan ƙarafa biyu da suka ɗinke shi a tsakiya. Ashirin da tara sau biyu, hamsin da takwas. Na samu hamsin da shida. Na sake tankaɗewa, na sake ƙirgawa. Hamsin da shida. Kaye ɗaya bai shiga almuwar ba, kuma mutum ɗaya ne ya jera su.

Na tafi gidan Zalihatu, uwarsa. Na gaishe ta, na tambaya ko ɗanta ya ba ta ajiyar wata takarda. Ta ce ƙwarai, tun kafin ruwa, ya ce ta ɓoye inda ba abin da zai taɓa ta. Ta miƙa hannu sama ta sauko da ƙwarya daga ragaya. Ranka ya daɗe, daga ragaya. Kaye na 1935 ne, lafiya lau, ko kusurwa bai lanƙwashe ba. Shekarar da Tukur ya yi wata bakwai a ajina kafin ya gudu. Ya sace shi ne don kada wani ya buɗe ranar taro ya ga shafi na goma sha ɗaya.

Ga abin da nake nema, kuma ba na neman ko tamma.

Ya mayar mini da adakata. Ya cire lamba biyu daga ɗakin Hasiya, ya kwashe abin da kaza ta bari da hannunsa, ba da sanda ba. Ya kwaɓa laka, Habu ya mayar da ƙofa yadda take, kuma Habu ne zai auna, da ƙafa. Ƙusoshin madafa a bar su, A'i ta ce ta saba da su.

Babba kuma shi ne wannan. Na sayi sababbin kaye ashirin da takwas. Tukur zai bi ni a ƙasa, ni bisa jaki, yana ɗauke da su a ka, mu bi Kiyeshe da Sukukutane da Dogon Kiriya da duk ƙauyen da na taɓa samun ɗalibi, mu nemo su ɗaya ɗaya, kowa ya kawo shaidu biyu a sake rubuta shekararsa. Da Mahmuda za a fara, gobe in ka yarda, don wata ya kusa ƙarewa, kuma ina roƙon ka sa hatiminka a tasa takardar.

Na ƙarshe, ranar kasuwa mai zuwa mai shela ya bi rumfunan da Tukur ya bi, ya karanta shafi na goma sha ɗaya kamar yadda na rubuta shi shekara goma sha tara da suka wuce: "Tukur ɗan Zalihatu. Awo, sifili. An nuna masa, ya ce ya riga ya iya."

Kada a ga kamar na matsa. Jiya da hantsi Habu ya ga Tukur a ƙofar fadarka, ya shimfiɗa takardar buhun siminti, yana auna bakin zaurenka da mitar nan tasa. Ya gaya wa dogarai cewa tsarin naka almuwar goma sha biyu ne, kuma ta farko ta takardun gari ce.

Naka mai biyayya,
Usman, tsohon malamin lakwal, Dogon Dutsi, damina ta 1954.